Neman muryar garmahon Baba

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau na fara rubuta abin da nake yi wa garmahon marigayi Baba, don na lura in ban rubuta ba sai in manta wace waya na taɓa jiya. Pioneer PL-12D ne, irin na farkon shekarun 1970, mai bel na roba, gudunsa biyu kacal, zagaye 33 da 45 a minti. Inna ta ce a Kano Baba ya sayo shi, kuma a kan cinyarsa ya riƙo shi tun daga can, ta Daura da Matamaye har Damagaram, don bai yarda yaran mota su ɗaure shi a sama ba. Ni dai tun da na yi wayo a kan kabad ɗin Inna na san shi, a gidanmu na Birni, lulluɓe da tsohon zane. Ban taɓa jin ya yi magana ba.

Makon jiya na sauko da shi. Bel ɗin ya narke ya zama kwalta, sai da na ƙarar da rabin kwalbar alkol kafin ya fita. A ƙarƙashin katakon na tarar da gidan zanzaro har biyu. Wani abokina da ke zuwa Kano sari ya kawo mini sabon bel, na ɗiga wa gindin farantin mai, ya juya lafiya lau ba ko gargada.

Da la'asar na jona shi da anfilin ƙanena, wato na'urar ƙara sauti, irin na yanzu mai Bluetooth, na sa wayoyin ja da fari a ramin da aka rubuta AUX, na ɗora faifai. Shiru. Na murɗa ƙara har ƙarshe, sai ga wata ƴar murya can ƙasa kamar sauro ya faɗa gwangwani. Ba ganga, ba kauri, sai tsiii. In ka kai kunne kusa da allurar kanta, abin da take fitarwa da bakinta ya kusa kamo na lasifika.

Ƙanena ya ce, "Yaya, selil ɗin ya mutu, shekara nawa? Ka cire ka jefar, a sayo sabo." Selil shi ne ɗan akwatin nan da ke bakin hannun garmaho, wanda allura ke shiga cikinsa, haka masu gyara ke kiransa a nan. Na wannan an rubuta Shure M75 a jikinsa. Na ce masa ba a binne mutum sai an tabbatar ya cika.

Lahadi, 5 ga Janairu

Laifin jiya nawa ne. Na kwana ina karatu a waya, kuma abin da na gano ya sa na ji kunya.

Irin wannan selil, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne ke rawa a tsakanin naɗin waya idan allura tana bin tsagin faifai, kuma wutar da yake haifarwa ba ta wuce milibolt 5 zuwa 6 ba. Shi kuwa ramin AUX an yi shi ne don abin da ke ba da milibolt 150 ko fiye, kamar waya ko rediyo ko kaset. Ka ga an kai wa mai jiran tulu ruwa a cokali. Shi ya sa tsofaffin anfili suke da rami na daban mai suna PHONO, inda akwai wani mataki da ke ninka wutar kamar sau 100 kafin ta shiga sauran anfilin.

Rashin ganga ma da dalilinsa. Lokacin da ake yanka faifai, da gangan ake rage sauti mai kauri, don in aka bar shi yadda yake tsagin zai yi ta lilo da faɗi har ya cinye wuri, waƙa kaɗan ce za ta shiga. Siririn sauti kuma ƙara shi ake yi don ya rinjayi shuuu ɗin robar faifan. A can ƙarshen kowane ɓangare bambancin ya kai wajen desibel 20, wato ninki goma. Ƙungiyar masu buga faifai ta Amurka, RIAA, ita ta tsayar da wannan ƙa'ida a 1954, kuma aikin matakin PHONO na biyu shi ne ya mayar da kowa gidansa: ya ɗaga kauri, ya sauke siriri. Anfilin ƙanena bai san da wannan zance ba. Abin da aka ba shi ya faɗa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ranar kasuwa. Bayan na tashi daga lakwal, wato makaranta, na bi ta Kasuwar Dole wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da Baba ya sani. Rumfarsa cike da gawarwakin rediyo da tele, an jibge har rufi, ƙura ta mayar da su launi ɗaya. Na gaishe shi, ya yi wa Baba addu'a, na faɗi abin da ya kawo ni. Mushe yake kirana, wato monsieur na Faransanci.

"Mushe, naka wane iri ne, mai gishiri ko mai maganaɗisu?"

Na ce, "Malam, mai gishiri kuma?"

Ya jawo wani gwangwanin madara, ya zazzage a kan tebur. Tsofaffin selil ne, sun fi ashirin. Ya ɗauki ɗaya ya ce irin wannan ke cikin garmahon akwati, su Teppaz na Faransa da su Philips, waɗanda samari ke ɗauka zuwa wurin biki. A cikinsu wani ɗan ƙanƙaran gishiri ne, in allura ta murɗa shi sai ya ba da wuta mai yawa, har ta kan kusa bolt guda, don haka ba ya buƙatar wani mataki a gabansa. Amma zafi da laima ke kashe shi. Ya ɓalle wanda ke hannunsa da farce, sai ga wani farin gari ya zubo. Ya ce, "Ka gani? Bazara uku a ɗakin kwano, shi ke nan. Waɗannan su ke mutuwa. Mai maganaɗisu kuwa, ni dai a hannuna kaɗan na ga ya mutu da kansa. Mutane ke kashe shi."

Ya ce akwai iri na uku, na masu kuɗi da gidajen rediyo, wanda naɗin wayar ne ke motsi, maganaɗisun yana zaune. Wannan wutarsa ta fi ƙanƙanta ma. Na duba daga baya, Denon DL-103 da aka fi sani milibolt 0.3 kawai yake bayarwa. Wanda ya sa irin wannan a ramin PHONO na gama-gari zai rantse ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Nawa dai ba shi ba ne.

Na tambayi ko zan sami anfili mai PHONO. Ya shiga can ciki ya fi minti goma, ya fito da wani tsohon Sansui mai fuskar baƙin ƙarfe, nauyi kamar dutsen niƙa. Ya ce mai shi ya kawo gyara tun da daɗewa bai dawo ba. Aro ya ba ni. Na ce nawa zan ajiye, ya ce in na dawo in zo masa da goro. Ɗan kabu-kabun da ya kai ni gida sai da ya ƙara dala ashirin saboda nauyin.

Asabar, 11 ga Janairu

An sami ci gaba, amma da sauran rina a kaba.

Na sa wayoyin a PHONO, na ɗaure siririyar wayar nan ta uku a ƙusar da aka rubuta GND, ƙugin da ya fara tashi ya kwanta. Yanzu ana jin waƙa a matsayin waƙa. Sai dai maɓallin ƙara yana da lamba 0 zuwa 10, kuma in na jona wayata a AUX, a kan 2 ɗakin ya cika. Garmaho kuwa sai na kai 7 kafin Inna ta jiyo daga tsakar gida. Lasifikar hagu ta fi ta dama rauni ƙwarai, tana zuwa tana ɗaukewa. Gangar kuma har yanzu kamar ana buga ta a gidan maƙwabta.

Na musanya kawunan wayar a bayan anfili, ja a gurbin fari, fari a gurbin ja. Raunin ya tashi daga hagu ya koma dama. Ke nan anfilin Malam da lasifikun ba su da laifi, ciwon yana wajen garmaho. Wannan gwajin bai ci ko dala ba, kuma ya raba mini aikin gida biyu.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na kwance kan hannun. A wannan garmaho akwai wani zobe da ake murɗawa, sai kan ya zaro gaba ɗaya da selil ɗin a jikinsa. A gindinsa ƙusoshi huɗu ne ƙanana da ke haɗuwa da wasu huɗu a cikin hannun. Duk sun yi baƙi, ɗaya har da kore-kore irin na tsohuwar tagulla. Na goge su da abin goge fensir na ɗiyata, na bi da alkol a auduga. Na cikin hannun suna da ɗan sifirin a bayansu. Na danna kowane da tsinken sakace, uku suka dawo da sauri, na huɗun ya maƙale sai da na yi ta lallashinsa.

Kafin in cire siraran wayoyi huɗun da ke bayan selil, fari da shuɗi da ja da kore, na ɗauki hotonsu da waya don in mayar da kowace inda na same ta. Na yaba wa kaina da wannan dabara.

Sai awo. Mitata ta zamani ce mai nuna lamba, kuma ita ta dace; tsohuwar mita mai allura tana tura wuta da yawa, ba a son ta a kan naɗin waya mai sirantar gashi. Na auna ƙusoshin selil kai tsaye: ɓangare ɗaya om 628, ɗayan 641 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta). Abin da Shure ta rubuta wa wannan iri shi ne 630. Na sake aunawa sau uku don daɗin ganin lambar. Da naɗin ya tsinke, mita ba za ta nuna komai ba. Da ya haɗe a ciki, lambar za ta faɗi ƙasa sosai. Na kira ƙanena na nuna masa. Ya ce, "To, ai ban ce ya mutu duka ba."

Raunin hagu kuma na gan shi da idona: ɗan maƙalin farar wayar ya buɗe baki, yana lilo a kan ƙusarsa. Maganinsa a zura tsinken sakace a ciki a matse da hantsaki a hankali, tsinken ya hana shi rufewa gaba ɗaya. Na yi wa farar, ta kama. Sai na ce bari in yi wa shuɗiyar ma tunda ina ciki. Garin neman gira: wayar ta tsinke daga maƙalin, ta bar ni da shi a bakin hantsaki.

Ina da ƙarfen narka dalma, amma bakinsa kamar babban yatsa yake. Na ajiye komai a cikin kofin shayi na rufe.

Asabar, 18 ga Janairu

Malam ya liƙa wayar cikin minti biyu, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya karɓi dala ɗari da goronsa. Ya ja mini kunne: "Mushe, ko da wasa kada ka kai wuta kan ƙusar selil. A maƙali ake liƙi, a ware, sannan a zura. Zafin yana bi ta ƙusa ya narke abin da ke ciki, daga nan sai gwangwanina."

Na dawo gida, na buɗe hoton nan, na mayar da wayoyi yadda suke. Hagu da dama sun daidaita. Amma sautin wani iri: ba shi da tsakiya. In na zauna tsakanin lasifikun sai in ji mawaƙin ba ya gabana, kamar yana bayan kunnuwana, kaina har yana ɗan juyawa. In na matsa kusa da lasifika ɗaya sai ganga ta dawo, in na koma tsakiya ta gudu.

Ɗiyata ce ta warware mini, ba da saninta ba. Shekararta shida, kuma duk abin da ke da maɓalli nata ne. Ina duba bayan garmaho sai na ji waƙa ta ɗauke, saura ƙas-ƙas ɗin ƙura da wata inuwar murya. Na juyo a fusace, ta ce, "Abba, wannan kawai na taɓa." Maɓallin MONO ne, wanda ke haɗa hagu da dama su zama abu ɗaya. Na mayar, waƙa ta dawo. Na sake dannawa, ta ɓace. Na yi haka ya fi sau goma, ita tana dariya.

Haɗa ɓangare biyu bai kamata ya kashe sauti ba. Faifan da ke kai ƙaramin 45 ne na kalangu da aka buga a Legas, kuma mono ne, wato abin da ke hagu shi ne a dama, allura gefe da gefe kawai take kaɗawa. In ka tara abu biyu iri ɗaya ƙaruwa za su yi. Ba za su cinye juna ba sai in ɗaya a kife yake, wannan na turawa wancan na ja, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya. Abin da ya rage a kunne, ƙas-ƙas ɗin nan, shi ne motsin sama da ƙasa da datti ke sa allura, wanda ba na waƙar ba ne.

Na zaro kan hannun, na haska bayan selil da fitilar waya. Kusa da kowace ƙusa akwai harafi ƙanana: L, LG, R, RG. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce a ko'ina: fari a L, shuɗi a LG, ja a R, kore a RG. A nawa, ja yana kan RG, kore yana kan R. Na koma hoton ranar Lahadi. Haka suke a can ma, kafin in taɓa komai. Ashe kuskuren wani na ɗauka hoto, na adana, na mayar da shi wurinsa da ladabi. Mita kuma ba za ta taɓa nuna wannan ba, don om 628 ne ko ta wace fuska ka auna.

Na musanya su. Mawaƙin ya dawo tsakiyar ɗaki ya zauna, kalangu ya sami ciki. Na danna MONO, ba abin da ya ragu. Maɓallin ƙara ya sauko daga 7 zuwa 5.

Lahadi, 19 ga Janairu

Jiya da dare na ba Inna labarin wayoyin. Ta yi shiru, sannan ta ce ta tuna. Wani ɗan'uwan Baba ya ari garmahon don bikin aure a Zango, aka dawo da shi allura a karye. Aka kai wa wani ya canza. Tun daga nan, in ji ta, Baba yake cewa abin ya shaƙe, ya yi ta murɗa ƙara yana tsaki. Ya ce zai kai shi Kano in ya sami hanya. Sai rediyo mai kaset ta shigo gidan, aka lulluɓe wannan da zane.

Na tambaye ta lasifika nawa Baba yake da su. Ta ce guda ɗaya ce babba, a zaure, inda yake zama da abokansa bayan isha'i. Zato nake yi, amma in lasifika ɗaya ce to haɗe yake sauraron ɓangarorin biyu, kuma abin da ya riƙa ji shi ne abin da na ji jiya lokacin da yarinyar nan ta danna maɓalli. Waya biyu, kowace ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Na daɗe zaune a zauren bayan Inna ta shiga.

Lahadi, 26 ga Janairu

Lamba 5 ma ta yi yawa, kuma kunne ba abin dogara ba ne, kullum yana gaya maka abin da kake son ji. Don haka na jawo waya daga ramin da ake ɗaukar kaset a bayan Sansui zuwa kwamfuta, ta wani ɗan akwatin USB na ƙanena, na buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti. Na zaɓi wuri ɗaya a faifai ɗaya, daƙiƙa talatin, shi zan riƙa ɗauka bayan kowane gyara in kwatanta.

Sai na koma kan allura, wadda ya kamata in fara dubawa tun farko. A irin wannan selil maganaɗisun ba a cikin akwatin yake ba, a jikin allurar yake, a gindin ɗan tsinken da ke ɗauke da lu'ulu'un, cikin wani siririn bututun tagulla da ke shiga ramin selil. Duk lokacin da ka canza allura ka canza maganaɗisu da robar da ke riƙe da shi. In bututun bai shige har ƙarshe ba, maganaɗisun bai kai tsakiyar inda ake jiransa ba, wuta sai ta ragu.

Na ɗauki hoto na buɗa shi. Tsakanin robar da ake riƙe allura da jikin selil akwai rata, farce zai shiga. Na tura, ta ƙi. Na zaro ta gaba ɗaya, na leƙa ramin: ƙura ce ta haɗu da wani maiƙo ta daskare a ciki. Da tsinken sakace na yi ta sakato ta, ban yarda ƙarfe ya shiga ba, na hure. Na mayar da allura, ta shige har ta manne. Audacity ya nuna ƙarin desibel 4. In aka tuna desibel 6 ninki biyu ne, ba ƙaramin abu ratar nan ta ci ba.

Allurar kanta ba ta Shure ba ce, ba suna ba lamba a jikinta, tabbas ita ce ta bayan biki. Na taɓa tsinken da gashin buroshi, ko motsi. Robar ta bushe ta zama ƙashi, abin da shekaru a ɗakin da ke gasuwa kowace bazara za su yi ke nan. Shi ya sa in mawaƙi ya ɗaga murya sai ta tsage.

Na aro sikelin maƙwabcinmu da ya yi zaman haƙar zinariya a Jado, mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Na daidaita shi da tsayin faifai na sauke allura: giram 4.6. A saman kan hannun ma akwai tabon salatif zagaye, daidai girman kwabo, alamar an taɓa ɗaure masa kuɗi don ya daina tsalle. Na daina sa faifan da nake ji da su daga yau. Wanda nake gwaji da shi ya riga ya sha wuya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Shure ta daina yin kayan garmaho tun 2018, amma akwai masu yin allurar da ta dace da M75, irin su JICO a Japan. Na zaɓi mai zagayen baki, samfurin N75-6, wadda ke aiki tsakanin giram 1.5 da 3. Akwai mai tsinin ƙwai, N75ED, ta fi fito da siririn sauti, amma nauyinta bai wuce giram 1.5 ba, kuma faifan Baba sun sha ƙura da kwabo. Wadda za ta yi haƙuri da su nake so. Ɗan ƙanwar Inna da ke Yamai zai sa a kawo masa, ya ba motar Damagaram.

Kafin nan wanki nake. Faifai 64 na ƙirga, yawanci ƙananan 45: na kalangu da goge daga Najeriya, na Kongo, na Gini, da wasu na Larabawa. Ruwan roba, ɗigon sabulun wanke-wanke, buroshi mai laushi a bi tsagi, a kiyaye takardar tsakiya, a jingine a inuwa. Hazo ya yi yawa makon nan, kafin ɗaya ya bushe ƙura ta sake sauka, sai na koma shanya a cikin gidan sauro. Shida sun lanƙwashe kamar faifan tuwo, ba su da magani.

Asabar, 8 ga Maris

Allura ta iso ranar Laraba, cikin kwalin shayi, an naɗe ta da safa. Azumi ya kama, Inna ta ce ba kiɗa a gidanta sai bayan salla. Na sa kwalin a ƙasan akwatin tufafi, inda ya fi sanyi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Da sassafe na yi aikin, kafin zafi ya taso, don yanzu da hantsi ɗakin ba ya zaunuwa.

Sabuwar allura ta shige da ɗan ƙas. Na murɗa nauyin bayan hannun har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, ba sama ba ƙasa, na mayar da zoben lamba kan sifili, na murɗa zuwa 2. Sikelin zinariya ya ce 2.1. Na bar shi. Da na sauke ta a kan faifai na ga tsinken ya ɗan risina ya ɗauki nauyin, abin da tsohuwar ba ta taɓa yi ba.

Daƙiƙa talatin ɗin nan: ƙarin desibel 3 a kan na ƙarshen Janairu, kuma tsagewar murya ta tafi sai a wurin da faifan kansa ya ci. Hagu da dama bambancinsu bai kai desibel 1 ba. Maɓallin ƙara yana kan 3, kuma sai da matata ta leƙo ta ce a rage, jariri na barci. Har yanzu wayata a AUX ta fi shi ƙarfi kaɗan, amma wannan ba ciwo ba ne, waƙoƙin yanzu a matse ake yin su, ko'ina ƙarfi ɗaya.

Saura abu biyu. Akwai ɗan ƙugi can ƙasa da ke ƙaruwa idan firji ya tashi. Zan gwada raba musu soket, in kuma nisanta garmahon daga gefen Sansui inda taransifomarsa take. Sannan Sansui ɗin ba nawa ba ne. Malam ya ce in na samo masa ƴan kayan zai haɗa mini ƙaramin matakin PHONO a cikin gwangwani, in riƙa jonawa da anfilin ƙanena. Ya ce tsayayyen om 47,000 a bakin shiga, shi ne abin da selil ɗin ke so ya gani. Na rubuta a bayan hannuna don kada in manta.

Da yamma na fitar da lasifika ɗaya zaure, na danna MONO, na kira Inna. Na ba ta faifan ta zaɓa. Ba ta karanta boko, da launin takardar tsakiya ta gane wanda take so, wani mai ruwan ɗorawa da gefensa ya ɗan ɓalle. Ta zauna a bakin ƙofa ta saurara har ya ƙare, hannun ya kai tsakiya yana ƙas, ƙas, na ɗaga shi.

Na ce, "Inna, ya kika ji?"

Ta ce, "Shi ne. Amma mutumin nan ba ya sauri haka. Kamar ana korarsa."

Ni ban ji saurin ba, amma ban taɓa jin waƙar da ba, ita kuwa ta ji ta sau ɗari. Mai yiwuwa sabon bel ɗin ya fi na asali kauri, ko kuma ragowar kwaltar nan ta ƙara wa sandar injin faɗi, kowanne zai iya sa faranti ya wuce 45. Gobe zan manna ɗan salatif a bakin farantin in ƙirga zagaye nawa yake yi a minti uku. Ya kamata in sami 135.